Kurakuran da ake tafkawa wajen shawo kan sashen kwamfuta ya rabu da tsohuwar burauza

Yawancinmu tun daga bakin ƙofa muke ɓata rawarmu da tsalle. Mutum zai shiga ofishin masu kula da kwamfutoci yana hura hanci, yana cewa Chrome ta fi sauri, kowa da ita yake aiki a gida, ku kuwa kun tsaya a zamanin da. Wanda kake gaya wa ya fi ka sanin haka. Ba ƙaunar Internet Explorer ce ta sa ya riƙe ta ba. Kusan kullum akwai wata tsohuwar manhajar cikin gida, ta albashi ko ta lissafin kayan sito, da aka gina a kan ActiveX, wata tsohuwar fasahar Microsoft, ba ta aiki sai a tsohuwar burauzar. Ranar da ta tsaya shi za a kira, ba kai ba.

Na taɓa shafe wata uku ina ja-in-ja da mai kula da kwamfutocin wata ma'aikata da na yi aiki. Rannan ya gaji da ni, ya ce, "Malam, zo ka gani." Ya juyo mini allonsa, ya buɗe shafin neman hutu a sabuwar burauza. Komai ya fito daidai, sai maɓallin aikawa ne ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Shafi ɗaya tak ya riƙe ma'aikata guda, ni kuwa ban taɓa tambaya ba.

Gyaran nan shi ne ka fara da tambayar me zai lalace idan aka sauya. In an lissafa maka, ka zo da mafita: Edge, sabuwar burauzar Microsoft, tana da wani tsari mai suna IE mode, inda ake rubuta jerin tsofaffin shafukan, su kaɗai su riƙa buɗewa da tsohon injin, sauran intanet kuma da sabo. Daga wuri ɗaya ake tura jerin zuwa dukkan kwamfutocin ofis ta Group Policy, tsarin Windows na saita kwamfutoci da yawa a lokaci ɗaya. Microsoft ta ce za ta tallafa wa tsarin aƙalla zuwa 2029. Kada dai ka gabatar da shi a matsayin magani na dindindin. Lokaci ne aka saya kafin a sake gina manhajar.

Wani kuskuren shi ne tsoratarwa ba hujja. "Za a yi mana kutse" magana ce da suke ji kullum, har ta daina ratsa su. Kwanan wata ya fi tasiri. Manhajojin Microsoft 365 sun daina tallafa wa Internet Explorer 11 ranar 17 ga Agusta 2021, kamfanin kuma ya yi mata ritaya a yawancin nau'o'in Windows 10 ranar 15 ga Yuni 2022. In ana son misalin ɓarna, a farkon 2010 Google ta bayyana cewa an yi mata kutse, aka kuma gano an bi ta wata kafa a Internet Explorer, har hukumomin Jamus da Faransa suka shawarci jama'a su koma wata burauzar kafin a toshe. A lokacin akwai mai toshewa. Burauzar da aka daina sabuntawa, kafarta a buɗe take zama.

Mutane kuma suna manta cewa burauza ba a iska take zaune ba. Chrome 109, wadda ta fito a Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7. Idan kwamfutocin ofis a nan suke, abin da kake nema a zahiri sabuwar Windows ce, wataƙila har da sababbin na'urori. Wannan maganar kasafin kuɗi ce, ta fi ƙarfin ma'aikacin da ka tsare da surutu. Ka taya shi rubuta takarda shafi ɗaya zuwa ga masu sa hannu, da sunansa a sama. Idan kuma fargabarsa yawan sabuntawa ne, akwai Firefox ESR, nau'in burauzar Firefox da aka tanada wa ma'aikatu, wadda babban sauyinta kusan sau ɗaya ne a shekara, tsakani kuma gyaran tsaro da ƙananan gyare-gyare kawai take karɓa.

Kada ka saka burauza a ɓoye a kwamfutar ofis, kada kuma ka kai ƙara sama ta bayan fage. Duka biyun suna mayar da kai matsalar da za a magance. Ka nemi gwaji ƙarami: mutum biyar daga sassa daban-daban, mako biyu, kowa yana rubuta shafin da ya ƙi buɗewa da abin da ya danna. Ka sa sunanka farko a jerin, ka kuma ɗauki nauyin tattara ƙorafin da kanka kana miƙa musu duk ƙarshen mako.