Kurakuran da muke yi idan mun kai aboki babban gidan abinci a Legas

Shekarata 11 a Agege, kuma duk abokin da ya zo daga gida sai na so in nuna masa cewa ba a banza nake zaman Legas ba. Tsiren Obalande ya riga ya ji labarinsa, don haka sai a ce bari a haye tsibiri, a je irin gidajen abincin nan na Bitoriya Ailan ko Ikoyi ko Leki, inda ake buɗe maka ƙofa kana shiga sanyin iyakwandishan ya daki fuskarka. Na yi wannan fita ba sau ɗaya ba, na kuma sha kunya a cikinta. Da na zauna na duba, kusan duk kuskuren da na yi daga wuri ɗaya ya fito: nauyin baki. Mu Hausawa ba ma son a ga muna tambayar farashi ko muna cewa "mene ne wannan?" a gaban baƙo. To, a waɗannan wurare shirun nan shi ake biya da tsada.

Bari in fara da kuɗi, tunda nan ne ciwon ya fi zafi. Farashin da ka gani a takardar jerin abinci sau da yawa ba shi za ka biya ba. Akwai harajin VAT na gwamnatin tarayya, kashi 7.5 cikin ɗari, wanda aka ɗaga daga kashi 5 a shekarar 2020. Akwai harajin da jihar Legas ke ɗorawa kan ci da sha a otal-otal da gidajen abinci, kashi 5, ƙarƙashin dokarta ta 2009. Sannan wurare da dama suna ƙara nasu kuɗin hidima, galibi kashi 10. Ka ɗauka kai da abokinka kun ci na naira 80,000. VAT 6,000, na jiha 4,000, na hidima 8,000, ga ka a 98,000 alhali ko tukwici ba ka bayar ba. Maganin ba wuya: ka duba can ƙasan takardar, inda suke rubutu da ƙananan haruffa, ko ka tambayi mai kawo abincin, "farashin nan har da haraji?" Idan ya ce a'a, ka ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu a lissafinka kafin ka ce wa abokinka ya zaɓi abin da ransa yake so.

A fitata ta farko da wani abokina da muka yi makaranta tare a Zariya, da zamanmu yaron ya zo da ladabinsa ya tambaya wane irin ruwa muke so, mai gas ko marar gas. Na ɗaga hannu irin na manya na ce kawo kawai. Sai ga doguwar kwalba koriya, ruwan da aka shigo da shi daga Italiya. Abokina ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya matso ya ce, "Mutumina, wannan ruwan kanwa ne ko me?" Muka ture shi gefe muka sa aka kawo wani. Da bil ya zo, kwalbar da ba mu sha ba ta fi kuɗin motar da ta kawo mu daga Ikeja. Tun daga ranar nake faɗa ƙarara: ruwan roba na gida, marar gas. Ba wanda ya taɓa kallona don na faɗi haka.

Haka kuma abin da ba a rubuta farashinsa ba. Manyan jatan lande, ko kifin da za a ce maka "na yau ne", wani lokaci da nauyi ake sayar da su. Idan yaron ya fara zayyano maka abinci na musamman da baki, ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce nawa ne. Kuma ka tambaya ko naman yana zuwa da shinkafa ko dankali, don a wurare da yawa kowanne kuɗinsa daban.

Abin da ya fi kuɗi nauyi a wurina shi ne halal da haram, kuma nan ne mutanenmu suka fi sakaci, saboda a gida ba mu saba bincike ba. A Kano ko Sakkwato ka shiga gidan abinci ka ci hankalinka kwance. A Legas, musamman inda ake girkin Turawa ko na Sin, dole ka buɗe ido. Taliyar da ake kira carbonara asalinta da naman alade ake yin ta. Duk inda ka ga bacon, ham, pancetta ko prosciutto, alade ne sai fa idan sun rubuta cewa na shanu ne ko na talotalo. Naman pepperoni na kan fiza wasu na shanu suke sawa, wasu kuma a'a, sai ka tambaya. Giya ma tana ɓuya a cikin girki: shinkafar risotto yawanci da farar giya ake fara dafa ta, miyar da ake zubawa kan nama wani lokaci da jar giya ake haɗa ta, kayan zaƙin nan tiramisu shi ma akan sa masa. Kada ka tsaya a "akwai alade?" kaɗai, ka ce a je a tambayi mai girkin ko akwai giya a ciki. Masu kawo abincin sun saba da wannan tambaya, ai Musulmi Yarbawa da Lebanawa suna yi musu ita kullum.

Wanda ya fi ba ni mamaki Chapman ne. Shekaru ina shan sa a matsayin lemo, har na riƙa yi wa baƙi tallarsa, kafin wani ya nuna mini cewa ɗigon wani ruwan ɗaci mai suna Angostura da ake sawa a ciki, kwalbarsa akwai barasa fiye da kashi 44 cikin ɗari. Ɗigo kaɗan ne, gaskiya, kuma hukuncinsa na malamai ne ba nawa ba. Ni dai yanzu cewa nake a yi mini ba tare da shi ba, kuma suna yi. Ka lura kuma da shafin abin sha: cocktail mai giya ne, mocktail ne marar giya. Harafin farko kaɗai ya raba su a kunne, a wuri mai kiɗa kuwa yaro zai iya jin ba daidai ba, don haka ka nuna da yatsa.

Nama kuma, idan aka tambaye ka yadda kake so a gasa shi, ka ce a gasa sosai. Wanda ya tashi da balangu da kilishi, in aka ajiye masa tsoka ya yanka ya ga ja yana tsatsowa, cin abincin ya ƙare ke nan. Ka faɗa wa abokinka tun kafin a tambaye shi.

Maganar lokaci a taƙaice. Daren Juma'a da Asabar ka kira ka kama tebur, wasu wuraren ma minti 15 kawai suke jira su ba wani. Gadar Third Mainland, da ke haɗa tsibiri da sauran gari, kusan kilomita 12 ce, da yamma kuma masu tashi daga aiki ne ke cika hannun da ke barin tsibiri, titin Ozumba Mbadiwe zuwa Leki shi ma ya cushe. Magariba a Legas tana faɗuwa ne wajen shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintuna, kuma yawancin wuraren nan ba su da inda za ka yi salla. Ni ƙarfe takwas nake kamawa: mu yi salla tukuna, mu ci a natse, kafin mu fito goslon komawa ya ragu. Kaftani da hula ba wanda zai hana ka shiga da su, silifas ɗin wanka da gajeren wando ne ke sa a tsayar da mutum a ƙofa.

Sai rigimar biya. A wurinmu wanda ya gayyata shi ke biya, magana ta ƙare. Amma idan abokin naka ɗan Legas ne da ya saba da kowa ya biya nasa, ko kuma kai ne aka kira, ku warware tun a waya. "Alhaji, yau baƙona ne kai" ta isa. Abin da ba shi da kyan gani shi ne manya biyu suna kokawa da na'urar POS, kowa na rantsuwa shi zai biya, yaro na tsaye yana kallon sama. Idan da gaske kake, ka tashi kamar za ka wanke hannu ka biya a wurin mai karɓar kuɗi. Idan kuma kai aka gayyata, ka bari mai gayyata ya fara zaɓa, ka tsaya kusa da farashin nasa.

Ka karanta bil layi-layi kafin ka miƙa kati, ana yin kuskure. Kuma kada ka dogara da banki ɗaya. Na taɓa yin tiransifa kuɗin ya fita daga asusuna bai shiga nasu ba, muka yi minti 40 a zaune ni da baƙona, ana ta kwashe faranti a gefenmu, shi yana ta cewa "bari in biya mana, Malam", ni ina ta danna waya gumi na keto mini duk da sanyin wurin. Daga ƙarshe shi ya biya, kuɗina kuma sai bayan kwana uku suka dawo. Yanzu kati biyu nake fita da su, da 'yan dubbai a aljihu na tukwicin yaron da mai gadin da ya nema mana wurin fakin. Abin da ya rage a faranti kuma ina cewa a ƙunshe mini, su ma suna da robar da suka tanada don haka.