Yadda ake gano matsalar maɓallin rage hasken dashbod

Idan fitilun dashbod suka mutu da dare, kada ka yi gaggawar kwance mitar dashbod ɗin. Fara murza maɓallin rage haske har ƙarshe, domin sau da yawa hannu ne ya taɓa shi wajen goge mota.

Bai kawo ba? Kunna fitilun fakin, ka zagaya baya. In fitilun baya ma sun mutu, galibi fis ne, domin sau da yawa fis ɗaya ke ba su wuta da na dashbod. A yawancin motocin Toyota za ka ga an rubuta TAIL ko PANEL a murfin akwatin fis, mai amfiya 10 ko 7.5. Sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon. Kada ka naɗa zaren waya a madadinsa, haka wayoyi ke narkewa.

Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, duba bayan rediyo. Masu sa rediyon kasuwa kan haɗa wayar haske, galibi ruwan lemo, da jikin mota bisa zaton negatif ce. Raba ta, ka naɗe da tef.

In fis lafiya yake, ciro maɓallin ba tare da cire soket ɗinsa ba, ka bar fitilun fakin a kunne, ka auna wayoyinsa da mitar auna wuta (multimeter) a kan DC bolt 20. Waya ɗaya za ta nuna kusan bolt 12, ɗayar kuma lambarta ta riƙa hawa da sauka yayin murzawa. Idan ta tsaya cak ko tana tsalle, ƙurar hunturu ko tsatsa ta ci cikin maɓallin. Cire kan negatif na batir da sifana lamba 10, fesa maganin wanke soket, ka murza sau da yawa. In bai gyaru ba, canza shi.

Gefe ɗaya kawai ya yi duhu? Wannan ƙwan fitila ne ya mutu, maɓallin ƙalau yake.