Yadda za ka ƙiyasta lokacin da bas zai kai ka Babbar Kasuwa daga Walia

Duk wanda ke zaune a Walia yana kasuwanci ko aiki cikin Njamena ya san matsalar gada, wata rana ka tsallake kogin Chari kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai, wata rana kuma ku tsaya cak a hanyar Chagoua rana na dukan ku har yara su fara kuka. Toh wayar da ke hannunka za ta iya rage maka wannan caca in ka san yadda ake karanta ta.

Da farko kunna lokalizasiyon, wato abin da ke nuna inda wayarka take, da data, mega kaɗan ya isa, Airtel ko Moov duk ɗaya ne in dai akwai rezo. Buɗe Google Maps, taɓa alamar nan ta sama ta gefen dama mai kamar takardu a jere, ka zaɓi Trafic, sai tituna su fito da launuka. Kore hanya a buɗe take, ruwan goro an fara tafiyar hawainiya, ja cunkoso, ja mai duhu kuwa an tsaya kenan. Launin nan daga wayoyin mutanen da ke kan titin yake fitowa, Google na auna saurin motsinsu, shi ya sa manyan tituna suka fi nunawa, lungu kuma sau tari ba za ka ga komai ba.

Sai ka sa inda za ka, ka zaɓi alamar mota. Amma fa a nan mutane da yawa ke yin kuskure, lokacin da ya ba ka na ƙaramar mota ne wadda ba ta tsayawa ɗaukar kowa. Hiace ɗinmu sai ta cika take tashi, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran fasinja, a sauke wannan, a jira canjin wancan, a ɗaure buhun wata hajiya a sama. Tun 2019 Google ya fara haɗa bayanan cunkoso da jadawalin bas a birane masu yawa don hasashen jinkiri, sai dai wannan na buƙatar bas mai layi da tasha da lokaci a rubuce, namu kuwa ba haka suke ba, don haka lissafin kai za ka yi da kanka.

Ga yadda ake yi. Duk sanda ka shiga bas duba abin da taswira ta ce, ka duba agogo lokacin tashi da lokacin sauka, ka rubuta duka biyun. Bayan sati ɗaya ko biyu za ka ga bambancin yana maimaita kansa, misali in ta ce minti 20 kai kuma kana sauka a 35, to kullum ka riƙa ƙara 15, sannan jiran cikar mota a tasha ka lissafa shi daban. Ka raba na safe da na yamma don ba ɗaya ba ne sam. Juma'a ma daban take, kusa da masallacin Sarki Faisal in lokacin salla ya matso gara ka sauka tun nesa ka ƙarasa da ƙafa. Damina kuma ruwa na kwanciya a wasu hanyoyin, taswira ba za ta ce maka ruwa ne ba, ja kawai za ka gani.

In titinku bai nuna launi ba akwai dabarar da ni na fi yarda da ita wallahi. Ɗan uwa ko maƙwabcin da ya riga ka fita ya turo maka wurin da yake kai tsaye ta WhatsApp, akwai zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8, awa ɗaya ta wadatar. In ka ga ɗigon nasa ya daɗe a bakin gada bai motsa ba, ko ka ɗan jinkirta fita ko ka nemi klando, wato babur ɗin haya. Kar dai ka riƙa daga waya ta taga kana dubawa cikin cunkoso, riƙe ta ƙasa-ƙasa, ka kuma kashe lokalizasiyon in ka sauka saboda tana shan batir sosai.