Darasi na Bakwai: Yadda Ciwon Dajin Ɓargo Ke Cin Ƙashi

Ƙashi kamar katangar ƙasa yake, kullum ana kankarewa ana sake yaɓe. Ƙwayoyin halitta iri biyu ke wannan aiki. Masu kankara, waɗanda likitoci ke kira ostiyokilas, suna narkar da tsohon ƙashi. Magina, wato ostiyobilas, suna biye da su suna cike gurbin. Muddin hannun biyu ya zo daidai, ƙashi na nan da ƙarfinsa.

Ciwon dajin ɓargo mai suna mayeloma yana tasowa ne daga ƙwayoyin filasma, masu haɗa garkuwar jiki. A ɓargon mai lafiya ba sa wuce kashi 5 cikin 100. A mai ciwon sukan kai kashi 10 ko fiye.

Ƙwayar dajin ba ta cin ƙashi da kanta, maƙwabta take sakawa. Tana manne wa ƙwayoyin da ke riƙe da ɓargo, sai su riƙa fitar da sinadarin RANKL, mai tayar da masu kankara, su kuma rage OPG, wanda shi ne birkinsu. Ita kuma ƙwayar dajin ta saki sinadarin DKK1, ta ɗaure hannun magina. Ga kankara ta ƙaru, ga yaɓe ya tsaya. Ƙashin da ya narke yana sakin abubuwan da ke ciyar da dajin, maƙwabtan nan ma suna ba shi sinadarin IL-6, ya ƙara yaɗuwa, ya ƙara zuga masu kankara. Shi ya sa hoton ƙoƙon kai ke nuna ramuka zagayayyu, kamar azarar da gara ta ci. Ko an shawo kan dajin, da wuya ramukan su cike.

An fi ganin ɓarnar a ƙashin baya, haƙarƙari da ƙugu, galibi ga wanda ya haura shekara 60. Dattijon da ya karye ba tare da faɗuwa mai ƙarfi ba, asibiti za a kai shi kafin wurin mai ɗori, domin ɗori ba ya tsayar da abin da ke cin ƙashin daga ciki.

Kalsiyam ɗin da ya fito daga ƙashi yana taruwa a jini. Alamarsa ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida da ruɗewa. Ƙoda kan jigata, don haka a guji magungunan ciwo na ibufurofen da diklofenak, ko da ciwon bayan ya tsananta. A sha ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, sai fa in likita ya taƙaita.

Maganin da ke danne masu kankara shi ne zoledronik asid, miligiram 4 ta jijiya, a ɗura shi a hankali cikin minti 15 ko fiye, duk mako 3 zuwa 4, bayan an gwada ƙoda. Mai raunin ƙoda akan ba shi denosumab, miligiram 120 a ƙarƙashin fata duk mako 4. Kafin a fara ko wanne, likitan haƙori ya duba baki, domin cire haƙori ana cikin maganin kan jawo ƙashin muƙamuƙi ya mutu.

Idan ƙafafu suka yi rauni, ko suka mace, ko fitsari ya ƙi fita, wataƙila ƙashin baya ne ya danne laka. A tafi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.