Yadda Ake Aikin Jinyar Masu Cutar Parkinson

Ma'aikaciyar jinya da ta zaɓi ƙwarewa a kan cututtukan ƙwaƙwalwa masu dagula motsin jiki za ta tarar cewa yawancin majinyatanta masu cutar Parkinson ne, sai kuma masu karkarwar hannu ta gado da masu murɗewar wuya ko gaɓoɓi. Likitan Ingila James Parkinson ne ya bayyana cutar a rubuce a 1817, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 sama da mutum miliyan 8.5 ke ɗauke da ita. Tana samuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa, sai jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su ƙage, hannu ya riƙa rawa ko da mutum yana zaune. A Birtaniya aka naɗa ma'aikaciyar jinya ta farko ta musamman domin wannan cuta a 1989. Mai son bin wannan hanya sai ta kammala makarantar jinya, ta karɓi lasisi, sannan ta nemi aiki tare da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko a sashen kula da tsofaffi.

Abu na farko da za ki riƙe shi ne agogo. Babban maganin cutar shi ne lebodofa, wanda ake haɗawa da kabidofa, kuma bayan an yi shekaru ana shan sa ƙarfinsa yakan riƙa gushewa kafin lokacin ƙwaya ta gaba ya yi. Dattijon da kika gani da hantsi yana ɗaura agogonsa da kansa, kan iya kasa ɗaga kofi kafin azahar don kawai maganinsa ya makara. Saboda haka idan aka kwantar da shi a asibiti, kada a jira zagayen rabon magani na kowa da kowa. A bi lokutan da ya saba a gida, kada jinkiri ya wuce minti 30. Kada kuma a yanke maganin farat ɗaya, ko da za a yi tiyata ko majinyaci ya kasa haɗiya, domin hakan na iya jawo zazzaɓi mai tsanani da sandarewar jiki mai barazana ga rai. A irin wannan hali likita ake kira nan take ya sauya hanyar ba da shi.

Ki sa iyali su buɗe littafi, su riƙa rubuta lokacin shan magani, lokacin da jiki ya saki, da lokacin da ya sake ƙagewa. A ganina wannan littafi ya fi kowace tambayar ɗakin likita amfani, domin da shi ake gyara lokuta. A nan ne kuma ake gane masu shan magani a kan nama, ƙwai, wake ko madara, waɗanda ke rage shigarsa jiki. Irinsu a ba su shawarar sha minti 30 kafin cin abinci.

Ki sa ido a kan takardar magani. Metokilofiramaid da ake bayarwa don amai, da halofaridol da ake bai wa mai ruɗewa, duka suna toshe aikin dofamin, suna tsananta cutar. Wasu magungunan cutar kuma, irin su firamifeksol, kan sa mutum mai kamun kai ya faɗa caca ko almubazzaranci ko yawan sha'awa. Kunya ba ta barin majinyaci ya faɗa, don haka ki keɓe shi ki tambaya cikin ladabi, ki tambayi mai ɗakinsa ita ma.

Ki auna jini yana kwance, ki sake aunawa bayan ya miƙe. Idan lambar sama ta faɗi da 20 cikin minti 3, jiri na iya kayar da shi, musamman wajen tasowa daga sujada, don haka a koya masa tashi a hankali ko yin salla a zaune. Ki tambayi yadda bayan gida yake, domin taurin bayan gida na hana magani aiki. Tari ko sarƙewa lokacin shan ruwa alama ce ta raunin haɗiya, wanda kan kai ga ciwon huhu: a zaunar da shi a miƙe, a ba shi abinci mai laushi kamar kunu mai kauri, a kuma sanar da likita. Idan ƙafafunsa suka manne a bakin ƙofa, kada a ja shi. A ƙirga masa "ɗaya, biyu" ko a ja layi a ƙasa ya tsallaka. A ɗauke tabarmar da gefenta ya naɗe, a gyara wurin alwala mai santsi.

Kafin azumin Ramadan ki zauna da majinyaci da likitansa, domin wanda ke shan magani sau 4 a yini ba zai iya tattara shi tsakanin buɗa-baki da sahur ba tare da cutuwa ba, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Ki yi wa iyali bayani ƙarara cewa cutar ba sammu ba ce, ba ta yaɗuwa, kuma fuskar da ta daina murmushi ba fushi take nunawa ba. Ki ba su lambar da za su kira idan ya faɗi, ya ruɗe, ko maganinsa ya kusa ƙarewa.