Yadda nake shirya matasa shiga gasar ƙananan rokoki

Duk yaron da ya zo wurina karon farko tambayarsa ɗaya ce: "Malam, ina za ta kai?" So yake rokarsa ta ɓace a sama. Sai in gaya masa cewa a gasa ba a neman wanda ya fi kowa nisa. A Amurka, inda ake yin wadda ta fi shahara tun 2003, shekarar da jirgin 'yan'uwan nan Wright ya cika shekara 100 da tashi, ana yanka wa ɗalibai tsayin da za su kai, wajen ƙafa 800, da lokacin da rokar za ta ɗauka daga tashi zuwa sauka, wajen sakan 40. A cikinta kuma akwai ɗanyen ƙwai. Duk ƙafar da ka wuce ko ka gaza ana rubuta maka ita a laifi, in kuwa ƙwan ya tsage, wannan harbin ya tashi a banza. Ƙungiyoyi 100 da suka fi dacewa su ke haɗuwa a jihar Bajiniya a watan Mayu, zakaru kuma su kara da takwarorinsu na Ingila da Faransa da Japan. Wannan tsari nake bi ko ba gasa a gabanmu, domin shi ke tilasta wa yaro ya auna, ya rubuta, ya sake gwadawa.

Ka fara da inji, kuma ka saye shi haɗaɗɗe daga masana'anta. A nan ba na sassauci ko kaɗan: kada yaro ya haɗa makamashi da hannunsa. Asalin wannan sana'a ma ke nan. A shekarun 1950, musamman bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957, samari da yawa sun ji munanan raunuka wajen cusa sinadarai a bututun ƙarfe, shi ya sa Orville Carlisle da G. Harry Stine suka yaɗa injin da ake saye a shirye, jikin rokar kuma ya zama kwali da roba da katako marar nauyi.

Koya musu karanta rubutun da ke jikin injin. In ka ga C6-5, harafin yana nuna jimillar ƙarfinsa, kuma kowane harafi ninkin na bayansa ne: B ninki biyu na A, C ninki biyu na B. Lamba 6 matsakaicin turawarsa ce a ma'aunin niyuton, 5 kuma sakan nawa zai jira bayan wutar ta ƙare kafin ya tunkuɗo laimar da ke sauko da rokar a hankali. Ku fara da ƙaramar roka mai injin A ko B, ba ƙwai, ba komai. Mai ɗaukar ƙwai a gasa galibi sai an kai E ko F.

Inda na fi daɗewa da su shi ne daidaito. Roka tana da wurare biyu da dole yaro ya san su kamar sunansa. Na farko cibiyar nauyi: ɗora rokar a kan yatsa, da injinta a ciki, inda ta tsaya ba ta rinjaya ba, nan ne. Na biyu cibiyar matsin iska, wadda fikafikai ke ja baya. Dole cibiyar nauyi ta kasance gaba, wajen hanci, da tazarar da ta kai kaurin jikin rokar sau ɗaya zuwa biyu. Manhajar OpenRocket kyauta ce, tana lissafa wannan, amma ina sa su gwada da hannu tukuna. A ɗaura igiya daidai cibiyar nauyi, yaro ya tsaya a fili ya riƙa wulwula ta. In hancin ya kama gaba ya miƙe, ta yi. In tana tuntsure, a ƙara ɗan yumɓu a hanci ko a faɗaɗa fikafikai.

Wata rana wata yarinya ta manna fiffike ɗaya a ɗan karkace. Na gani, bakina har ya buɗe, na yi shiru don na san ba haɗari a ciki. Rokar ta tashi tana juyi kamar katantanwa, ta gaza da nisa. Ta ɗauko ta, ta kafa mata ido ta bayanta, can ta ce, "Wannan ne." Ba wanda ya gaya mata. Tun daga ranar ita ke duba fikafikan kowa da ma'aunin kusurwa kafin gam ya bushe. Shi ya sa nake roƙon iyaye da malamai su riƙe hannunsu. In dai ba batun wuta ba ne, ku bar su su yi kuskurensu.

Ƙwai kuwa a naɗe shi da soso ta kowane gefe har ya daina motsi, a auna nauyinsa, don ba duka suke ɗaya ba. Tsakanin inji da laima a cusa takardar da ba ta kama wuta, in ba haka ba laimar za ta narke.

Ranar harbi a nemi fili babba, nesa da wayoyin lantarki da busasshiyar ciyawa. Da batir da doguwar waya ake kunnawa, kowa ya ja baya aƙalla ƙafa 15, ko 30 in injin ya wuce D, a ƙirga da ƙarfi kowa ya ji. In an danna ba ta tashi ba, a cire makullin na'urar kunnawa, a jira sakan 60 kafin wani ya matsa. In iska ta wuce mil 20 a awa, a naɗe kaya.

Sai littafi. Kowane harbi a rubuta nauyi a giram, irin injin, zafin rana, ƙarfin iska, tsayin da na'urar awo ta nuna, da sakan nawa aka yi a sama. Abu ɗaya tak ake sauyawa kafin harbi na gaba. Bayan harbi goma yara da kansu za su lura cewa rokar ta fi nisa da rana tsaka, don iska mai zafi ba ta da kauri, kuma in iska na kaɗawa tana karkata ta fuskance ta, tsayi ya ragu. Daga nan za su fara cewa, "Yau a ƙara giram biyar."

A lokacin nake faɗa wa kowa sunan aikin da yake yi. Mai lissafin fikafikai, akwai injiniyoyin da rayuwarsu ke nan a kamfanonin jiragen sama. Mai haɗa waya da na'urar awo, fanninsa lantarki. Mai riƙe littafi, aikin injiniyan gwaji yake yi. Sai in ce kowa ya je ya binciko darussan da ake buƙata a shiga wannan fanni a jami'a, ya kawo mini a rubuce ranar harbi na gaba.