Kurakuran da 'yan'uwanmu na Jidda ke maimaitawa in sun tafi hutu garuruwan bakin tafki

Duk shekara, da zafi ya kankama a Jidda aka rufe makarantu, sai wayata ta fara ƙara. "Alhaji, mu biyar ne, mun samu ijaza, wato hutun aiki, za mu leƙa Italiya da Siwizalan, ka ba mu hanya." In zauna in yi musu bayani, su ce to, su tafi, su dawo da kukan da na riga na haddace. Na gaji da maimaita magana ɗaya a majalisa, shi ya sa na rubuta ta.

Na farko, kuma shi ya fi ƙona mini rai, hayar mota. Mu da muka saba da titunan nan, inda ko burodi za ka sayo sai ka tayar da mota, gani muke tafiya ba mota ba tafiya ba ce. Da wannan tunanin muka sauka a Milan mu huɗu, muka karɓi babbar mota muka nufi tafkin Komo. Hanyar da ta bi gefen ruwan nan, dutse a hannu ɗaya, katangar gidajen mutane a ɗayan, in bas ta taho sai ka naɗe madubi ka tsaya kana salati. Mun isa garin Belajiyo da ke bakin tafkin da azahar, muka yi ta zagaye muna neman wurin ajiye mota har la'asar ta kawo jiki. Abin da ban sani ba, cikin zagayen nan na shiga layukan da ke da allo mai jan zobe da haruffa ZTL. Ma'anarsa mota ba ta shiga sai mai izini, kuma ba ɗan sanda ne zai tare ka ba, kyamara ce ke ɗaukar lamba ta yi shiru. Kowace shiga tararta daban. Wata da watanni bayan mun dawo, har na manta, sai ga kamfanin hayar ya cire kuɗi a katina, ladan miƙa sunana ga hukuma, sannan takardun tarar suka biyo baya, uku rigis. Da sunana aka ɗauki motar, don haka ni kaɗai na sha.

Tun daga nan ban sake taɓa sitiyari a can ba. Daga babbar tashar Milan jirgin ƙasa na kai mutum garin Barenna da ke gaɓar tafkin cikin kimanin awa ɗaya, ka gangaro da ƙafa zuwa bakin ruwa. Tafkin ya rabu ƙafa biyu, Belajiyo na zaune daidai kan mararrabar, Barenna da Menajiyo na fuskantarta ta gabas da yamma, jirgin ruwa na kai da komo tsakaninsu, kamar minti goma sha biyar kowace tsallaka. Kyan garuruwan nan ma daga kan ruwa ake ganinsa. Abin da nake yi kawai, ina sauka nake ɗaukar hoton jadawalin jirgin ruwa na ƙarshe, don in ya wuce ka, tasi mai zagaye tafkin sai ya cinye kuɗin kwana biyu. In tikitin jirgin ƙasan na takarda ne, ka buga shi a na'urar tasha kafin ka shiga.

Na biyu kuɗi, kuma wannan ba aljihu kaɗai ya taɓa ba. "Kai dai biya, in mun koma sai a yi lissafi." Wallahi ban san maganar da ta fi wannan raba abokai ba. Ni ne mai katin da ke aiki ko'ina, sai ya zama masauki ni, abinci ni, tikiti ni. Da muka dawo na kawo lissafi, wani ya ce shi bai ci kifin ranar nan ba, wani ya ce shi tun farko bai so hayar mota ba. Mutumin da muka yi shekaru muna buɗa-baki a faranti ɗaya a Harami, sai da muka yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba mugu ba ne, riyal ne da yuro suka rikice a kai, kowa na tuna abin da ya fi masa sauƙi. Yanzu ba na hawa jirgi da kowa sai an yi karo-karo tun a Jidda, abin da Larabawan nan ke kira gatta. Kowa ya zuba daidai, a damƙa wa mutum ɗaya, kullum bayan isha ya karanta abin da aka kashe kowa na ji. Tsaraba da kwaɗayin mutum kuwa daga aljihunsa. Wasu na cewa wannan ƙididdiga ce tsakanin 'yan'uwa. Su faɗa, ni na ga abin da rashinta ke haifarwa.

Sai ku masu jera gari tara a kwana bakwai. Haba jama'a! Komo yau, Intalaken ta Siwizalan gobe, jibi Halshtat a Ostiriya, don kawai a ce an je. Me kuka gani? Tagar jirgi da jakunkuna. Halshtat ƙauye ne da mazaunansa ba su kai dubu ba, ku iso da tsakar rana tare da motocin 'yan yawon buɗe ido, ku tsaya layi don hoto ɗaya, ku toshe ƙofar gidan tsohuwa kuna ɗaga murya kamar a kasuwar Bab Makka. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Intalaken kaɗai tana tsakanin tafki biyu, tafkin Tun da na Biriyenz, kowanne ya isa yini guda. Ni tafki biyu nake zaɓa a tafiya, kwana uku-uku, in fita bayan asuba lokacin da hazo ke kwance kan ruwa ba kowa sai masu share ƙofar shago.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Siwizalan ba yuro ne kuɗinta ba, faran ne, kuma yawancin shagunanta a rufe suke ranar Lahadi, sai na manyan tashoshi. Ku tafi da rigar sanyi ko a Yuli ne. Kada zafin rana ya ruɗe ku ku faɗa ruwan, daga duwatsu yake gangarowa, sanyinsa na ɗauke numfashi, kuma Komo ya zarce mita 400 a zurfi. Magariba a ƙarshen Yuni sai bayan ƙarfe tara, isha ta doshi sha ɗaya, ku tsara barcinku a kan haka. Juma'a ku shirya ta faɗo muku a babban gari, ƙauyukan ba masallaci. Naman da ba ku san yankansa ba ku bar shi, kifin tafki ya wadatar. Mai tafiya da iyali ya sani Ostiriya ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2017, Siwizalan ma daga farkon 2025, gara Hajiya ta ji wannan tun a gida.

Bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen nan da ita, ana nemanta ne a ofishin ƙasar da za ka fi yawan kwana, da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin magani na aƙalla yuro 30,000, kuma lokacin zafi layi ne, ka fara da wuri. Kafin ka biya kuɗin kowane masauki, buɗe Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, ka duba ranar ƙarewar igamarka, wato takardar izinin zama, sannan ka sa a yi maka huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, mai rarar kwanaki a kan ranar dawowa, ko da mako biyu ne, saboda ana iya ɗage tashin jirgi.